Haƙori na Biyu da na Uku

Ranar kasuwar Boɗinga, da hantsi, na tsaya a gaban rumfar Mainasara na kira shi mai sayar da jabu, da muryar da ta sa har masu awon gero suka ɗago kai. Ban tsaya nan ba, sai da na wuce wurin Sarkin Kasuwa na shigar da ƙara. Ya ce za a zauna kasuwa mai zuwa, kuma idan abin da na faɗa ya tabbata, za a rufe rumfar har kasuwa uku, a yi shela kowa ya ji dalili. Na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta yi wa jama'a babban aiki. Duk wannan a kan wata 'yar waya ce da tsawonta bai kai kamu biyu ba.

Sunana Uwani. Ni ke kula da na'urorin wata cibiyar koyon kwamfuta da ƙungiyar ci gaban gari ta buɗe a Shagari. Kullum daga Boɗinga nake shiga mota in je in dawo. Ina da takardar kammala karatu a wannan fanni, ina kuma da baki, kuma mutanen gidanmu sun fi shaida na biyun. Shugaban cibiyar, Malam Yahaya, mutumin kirki ne, sai dai tun ranar da aka ɗauke ni yake kallona kamar har yanzu yana jiran ainihin injiniyan ya iso. Bai taɓa faɗa ba. Ajiyar zuciya kawai yake yi, ni kuwa na fi son a zage ni da a yi mini ajiyar zuciya.

Kwamfutocinmu ashirin da huɗu duk ta cikin akwati ɗaya suke samun intanet, wato rauta, wadda ɗan kwangilar da ya haɗa wurin ya kafe a bango cikin kejin ƙarfe ya tafi abinsa. A tsakiyar damina aka yi wata tsawa, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, rauta ta manta duk abin da aka koya mata. Fitilunta na ci, amma ba ta san kowa ba. Idan haka ta faru, hanya ɗaya ce ta rage: akwai wata 'yar kafa a bayanta da ake zura waya, a yi mata magana kai tsaye daga laftof, a sake saita ta. Shuɗiyar wayar da ake zurawa ina da ita. Matsalar ita ce ɗaya bakin nata irin na da ne, mai ramuka tara, kuma laftof ɗin zamanin nan ba su da wurin karɓarsa. Dole a sami adafta, mai bakin USB a gefe ɗaya da haƙora tara a ɗaya gefen, ta tsaya tsakani. Ga shi saura kwana goma ɗalibai su fara rajistar jarrabawa.

A duk Boɗinga Mainasara kaɗai ke kawo irin wannan kaya. Rumfarsa na kusa da teloli, yana sayar da caja da batir da rigunan waya, a can ƙasan akwatin gilashi kuma yana da tarkacen kwamfuta. Siririn mutum ne marar yawan magana, wanda ke juya abu sau uku a hannunsa kafin ya miƙa maka. Da na faɗi abin da nake nema, ya jera mini adafta uku a kan gilashin.

Ta farko tana cikin kwali mai rubutun ruwan zinariya, ita idona ya fara kamawa. Mainasara ya ce ba zai hana ni ba, amma 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikinta kwaikwayo ce; yau kwamfuta za ta karɓe ta, ranar da kwamfutar ta sabunta kanta kuma ta ce ba ta taɓa ganinta ba. Mutum biyu sun dawo masa da irinta. Ta biyu doguwa ce siririya, ya ce tana aiki, sai dai idan rubutu ya yi yawa takan haɗiye wasu haruffa. Ta uku toka-toka ce, ba kwali, ba leda, an ɗaure ta da kyauron roba, tana da ƙananan fitilu biyu a wuyanta. Daga hannun wani mai aikin turakun sadarwa ya same ta, kuma ita ce ya ce zai ɗauka da shi ne ni.

Sai ya tambaye ni ko bakin shuɗiyar wayata kusoshi gare shi ko noti, don idan duka ɓangarorin biyu kusoshi ne, ba za su kama juna ba. Ban sani ba. Sai da na buɗe jaka na duba, kusoshi ne, kuma toka-tokar ce kaɗai mai noti. Na ji haushin wannan tambaya ƙwarai, domin ni ya kamata in yi ta, ba mai sayar da rigar waya ba. Na biya na ɗauki toka-tokar ba tare da na ce na gode ba.

Washegari a cibiya na haɗa komai. Bayan rautar na kallon bango, keji kuma ba ya barin a juya ta, don haka da lalube na zura hannu na cusa wayar a kafarta. Ɗan harshen da ke yin ƙas idan waya ta zauna ya daɗe da karyewa a jikin tawa, ban kuma damu ba. Laftof ta gane adafta nan take. Na buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, na danna madanni, na jira rauta ta amsa. Shiru. Na canza saurin magana, na sake dannawa, na kashe na kunna, na sake ɗora manhajar adaftar. Duk lokacin da na danna harafi, fitila ɗaya takan ƙifta, ɗayar kuwa ko motsi. Na ce a raina, ga shaida nan, rabin abin a mace yake.

Kwana biyu ina wannan fama. Malam Yahaya yakan leƙo, ya tsaya a bayana hannuwa a baya, ya kalli baƙin allon, ya yi ajiyar zuciyarsa. A rana ta biyu ya ce, cikin ladabi, ko a kira wani daga Sakkwato ya taimaka mini. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, kuma ni kunyata ba ta daɗewa ba ta koma fushi ba. Na ce masa laifin ba nawa ba ne, jabu aka sayar mini. Da na ji yadda maganar ta zauna daidai a bakina, sai ni ma na yarda da ita.

Haka na isa kasuwa da safen nan. Na ɗaga adaftar sama yadda kowa zai gani, na ce ya ajiye mai kyau a kwali ya lallaɓa ni ya sayar mini da matacciya don ya ga mace ce. Mainasara bai ɗaga murya ba. Ya ce in kawo laftof ɗin a duba tare, ko in karɓi kuɗina. Na ce ba na son ko ɗaya, kuma adaftar ba zan bayar ba, shaida ce. Wasu manoma daga Lambara da suka tsaya sayen fitilar caji suka ajiye ta a hankali suka wuce gaba.

A gida na tarar da Baba a zaure yana sauraron rediyo. Mutanen gari suna ce masa Sodangi Mai-waya, don ya yi shekara talatin yana gyaran rediyo da talabijin kafin ciwon yanar ido ya rufe masa ɗaya ya fara taɓa ɗayan. Na san a ƙuruciyarsa, zamanin Jamhuriya ta Biyu, ya yi aiki da wani kamfanin gina hanya da ya kafa sansani tsakanin Boɗinga da Shagari, amma ba ya son zancen. Labarin kasuwa ya riga ni zuwa gida, kamar kullum. Na ba shi nawa ɓangaren da zafinsa, na ce gobe zan shiga Sakkwato in sayo ta gaske. Ya rage muryar rediyo ya miƙo hannu.

Na sa masa adaftar a tafi. Ya shafa ta da babban yatsa, ya ƙirga haƙoran, biyar a sama huɗu a ƙasa. Ya ce a zamaninsu ashirin da biyar ne, faɗinsu ya kai rabin tafin hannu, amma duk yawansu biyu ne ke ɗaukar magana, ɗaya na kaiwa ɗaya na kawowa.

"Kin gwada ta ita ɗai?" ya tambaye ni.

Na ce kwana biyu na yi ina gwada ta.

"Ba haka nic ce ba. Kin gwada ta da akwatin can. Ita ɗai nika nuhi, ba a haɗa ta da komi ba."

A makaranta an taɓa ambata wani abu mai kama da haka, a layi ɗaya na wani littafi, ranar da hankalina ke wani wuri. Baba ya ce in ɗauko laftof. Na ɗauko ina gunaguni, ina cewa a raina tsohon da ya tsaya a rediyo mai batir huɗu zai koya mini aikina. Ya cire hularsa ya zaro allurar da yake soke wa a cikin naɗinta. Ya sa na buɗe baƙin allon, na zura adaftar a laftof, bakin mai haƙora kuma na bar shi a sake. Da yake ba ya ganin ƙananan lambobin, ni na nuna masa haƙori na biyu da na uku, shi kuma ya kwantar da tsinin allurar tsakaninsu ta taɓa duka biyun. Hannunsa da ke rawa idan zai ɗauki kofin shayi, a nan ko gezau.

Ya ce in rubuta wani abu. Na danna harafin farko na sunana, sai ga shi ya fito a allo. Na danna sauran, Uwani ta fito cif, fitilu biyun suna ƙiftawa tare. Ya ɗage allurar ya ce in sake. Na danna, allo ya yi shiru, fitila ɗaya kawai ke ƙiftawa, daidai yadda ta yi mini a Shagari. Ya mayar da allurar, haruffa suka dawo.

Ya yi mini bayani a hankali, ba gori a muryarsa, wanda da ya yi gorin da ya fi mini sauƙi. Allurar ta haɗa hanyar fita da hanyar shiga, don haka duk abin da adaftar ta aika yana dawo mata. Idan ya dawo daidai, to tana iya faɗa tana iya ji. Fitila ta biyun da na ce ta mutu lafiyarta ƙalau, tana ci ne kawai idan an amsa, kuma a Shagari ba a amsa ba. Na zauna a kan tabarma ina kallon sunana a allo. A nan na gane cewa Mainasara ya ba ni mafi kyau a cikin ukun, kamar yadda ya ce.

Da safe na tafi cibiya da sukundireba da madubin jakata. Na kwance kejin daga bango gaba ɗaya, abin da ya kamata in yi tun farko, na juyo da rautar wajen haske. Kafar da nake ta cusa waya cike take da busasshiyar laka. Zanzaro ya shigo ta tagar da ba ta rufuwa, ya ga rami mai duhu da ba mai amfani da shi, ya yi gini a ciki. Ni kuma da lalubena na danna ginin can ƙurya, na shafe 'yan wayoyin tagullar da ke ciki da ƙasa. Da tsinken sakace da burushin haƙori na share shi. Na zura waya, na danna madanni sau ɗaya, rubutu ya zubo a allo, fitilu biyu suna ta ƙiftawa. Kafin azahar kwamfutoci ashirin da huɗu sun dawo kan intanet.

Malam Yahaya ya zagaya ɗakin yana taɓa kowace kwamfuta, ya dawo ya ce, "Sannu, Injiniya." Bai taɓa kirana haka ba. Sai ya tambaya ko sabuwar adafta na sayo daga Sakkwato. Na buɗe baki, na ji kaina ina cewa an dai samu mafita. Ya ɗauka e ce, ni kuma na bar shi a haka.

A mota ina dawowa na tsara yadda zan fita daga maganar ba tare da na zubar da girman da na samu yau ba. Zan aika wa Sarkin Kasuwa cewa na janye ƙara, na yafe. Ba za a rufe rumfa ba, ba za a yi shela ba, mutane ma su ce Uwani ta yi haƙuri. Da la'asar na faɗa wa Baba wannan dabara, ina jin ta yi kyau. Ya tambaye ni me na yafe. Na ce ai magana ce kawai ta rufe zance. Ya kashe rediyon gaba ɗaya, abin da ba ya yi sai lokacin salla.

Ya ce a sansanin kamfanin nan akwai na'urar da ke aika saƙo zuwa babban ofishinsu a Legas ta layin tarho, kuma shi ke kula da ita. Shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kayan gyara suka daina shigowa ƙasa, shinkafa da sabulu sai an yi layi, kamfanin ya fara sallamar mutane goma-goma duk ƙarshen wata. Ana cikin haka na'urar ta daina magana. Ya karɓo sabuwar waya daga sito, mai haƙora ashirin da biyar ɗin nan, ya haɗa, ba ta yi ba. Manaja ya tsaya a kansa kwana uku. Mai kula da siton wani mutumin Horo Birni ne, Tukur, wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya. Baba ya rubuta a rahoto cewa wayar da aka ba shi ba sabuwa ba ce, da alama an musanya ta. A lokacin kowa na zargin masu sito da sayar da kaya, ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Aka sallami Tukur a ranar, ba takardar shaida.

Bayan sati uku wani injiniya ya zo daga Legas. Ya ɗauki ɗan ƙarfen maƙale takarda a kan tebur, ya haɗa haƙori na biyu da na uku a ƙarshen wayar nan ta Tukur, haruffa suka dawo ba ko ɗaya da ya ɓata. Laifin yana cikin na'urar, a wani wuri da Baba da kansa ya yi wa dalma watanni kafin nan, dalmar ta saki. Injiniyan ya gyara, ya koya wa Baba gwajin, ya koma Legas bai san akwai wani Tukur ba.

"Nic ce in an kwana biyu ni hwaɗi," in ji Baba. "Ina da mata da jinjiri, ana korar mutane. Nic ce bari ƙura ta kwanta. Sai soja sunka zo, kamfani ya naɗe kayanai, babu ma wanda za a hwaɗa ma. Sai shi Tukur."

Tukur ya koma Horo Birni ya kama noma a shekarar da ruwa ya ƙi. Ya nemi aikin sito a wurare biyu, duka aka ce an ji labarinsa. Sun ci gaba da haɗuwa da Baba a wurin suna da jana'iza har shekara ashirin da shida. Kullum Tukur ke fara miƙo hannu, yana tambayar iyali, domin bai taɓa sanin wanda ya rubuta rahoton ba. Kullum Baba yakan ce a ransa yau zai ja shi gefe, kullum kuma sai ya ga wurin bai dace ba. Ranar da aka aiko cewa Tukur ya rasu, Baba na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Tun ina yarinya nake jin mutane na yabon Baba da cewa ba ya taɓa cewa abu ya lalace sai ya gwada shi sau biyu, ina alfahari da hakan, ban taɓa tambayar inda ya samo halin ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, na ji tsoron yadda dabarar da na tsara a mota ta yi kama da tasa.

"In kin janye, kin bar mai sunan da kib ba shi," ya ce. "Inda kit tsaya kih hwaɗi waccan, nan za ki tsaya ki hwaɗi wagga. Kuma da murya guda."

Ranar kasuwa Baba ya sa babbar rigarsa ya ce zai raka ni. Kafin mu fita na kira Malam Yahaya a waya na gaya masa cewa adaftar farko ce ta yi aikin, kuma ginin zanzaro ne ya hana ni kwana biyu. Ya yi ajiyar zuciyar nan tasa, na haɗiye ta.

Da muka isa, na ga Mainasara ya kwashe duk kayan kwamfuta daga akwatin gilashi, saura caja da rigunan waya. Sarkin Kasuwa na zaune a benci a gaban rumfar da dattawa biyu, teloli sun tsayar da kekunansu. Na gaishe su na durƙusa, sannan na miƙe na koma daidai inda na tsaya wancan makon. Na ɗaga adaftar sama. Na ce kayan Mainasara lafiyarsa lau, shi ne ma mafi kyau a cikin abin da ya nuna mini, ya gaya mini gaskiya ni ce ban iya gwadawa ba. Na ce ni na yi masa ƙazafi don in rufe kunyata a wurin aiki, kuma ina neman gafararsa a gaban kowa. Masu awon gero sun ɗago kai, kamar wancan karon. Wani tela ya yi dariya ya ce yau zanzaro ya kayar da boko, wasu suka taya shi.

Sarkin Kasuwa ya ce magana ta mutu, ya yi mana nasiha da ni da masu dariyar. Mainasara ya karɓi adaftar ya juya ta sau uku a hannunsa, sannan ya miƙo mini.

"Na yahe, Malama," ya ce. "Allah shi yahe muna baki ɗai. Sai dai mutanen Lambara da sunka ji waccan, yau ba su zo ba. Ana shuka wake."

Ba da gori ya faɗa ba, lissafin abin da ya rage kawai yake yi. Na ce zan dawo kasuwa mai zuwa in sake faɗa, da wadda ke bayanta. Ya ce to, ya sunkuya ya fara fito da tarkacen kwamfutar daga kwali yana mayarwa cikin gilashi ɗaya bayan ɗaya.

Da muka fito na kama hanyar gida, sai na ga Baba ya juya wajen tasha. Na bi shi na riƙe masa hannu saboda kwatar da ruwa ya cika. Na tambaye shi ina za mu, ya ce ni in koma gida, shi yana da tafiya. Ya tsaya a bakin tasha yana karkata kai don ya ji abin da 'yan kamasho ke kira, tunda ba ya iya karanta allunan motoci.

"Tukur ya bar ɗiya huɗu," ya ce. "Sun tashi ana ce musu ubansu ya saci waya."

Na ce masa tafiyar da nisa, ga hadari na haɗuwa, ya bari sai gobe mu je tare da sassafe. Ya juyo da idonsa mai gani ya dube ni, sai ni ma na ji abin da na faɗa. Na saki zancen goben, na je na tambayi motar da ke bi ta Horo Birni, na samo mana kujera biyu.